Martani: Ba jikin mace ne ya gaza ba

Malam, ka rubuta cewa gudun dogon zango ba na mata ba ne, wai jikinsu ba zai ɗauka ba. Wannan magana ta tsufa, kuma an gwada ta a fili ta faɗi.

Da irin hujjarka aka cire tseren mita 800 na mata daga Olympics bayan gasar Amsterdam ta 1928, ba a dawo da shi ba sai 1960. Shekara 32 ana hana su gudu, sannan a ce ba su iya ba! A 1967, a gudun fanfalaki na Boston, jami'in tseren, Jock Semple, ya cafko Kathrine Switzer yana neman yage lambarta. Ta kuɓuce masa, ta kammala kilomita 42 ɗinta.

Sai 1984 aka bar mata su yi fanfalaki a Olympics. A 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta gama na Berlin cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53. Abebe Bikila, gwarzon ƙasarta, da awa 2 da minti 15 ya ci zinare a gasar Olympics ta Roma.

Abin da ya fi ɓata mini rai, ko sau ɗaya ba ka ambaci abin da ke tare su a yau ba. An kashe 'yar tsere Agnes Tirop a gidanta a Iten, Kenya, a 2021. Rebecca Cheptegei ta Uganda kuwa, tsohon saurayinta ya watsa mata fetur ya cinna mata wuta a 2024, makonni kaɗan bayan ta yi gudu a gasar Olympics ta Paris.