Tumbi Ba Ya Narkewa A Kofin Shayi

Ana saura wata guda bikinta, ƙanwata ta dawo daga kasuwar Sabon Gari da ƙullin shayin rage tumbi da bel ɗin ɗaure ciki. Kwana uku tana zaryar banɗaki, ido ya faɗa, leɓe ya bushe, amma sai murna take wai ta ragu. Na ce mata, "Ƙanwata, ruwan jikinki ne ya zube, kitsen yana nan daram."

Ba ita kaɗai ba ce. Daga ɗakunan kwanan ɗalibai a Samaru har gidajen gyaran jikin amare, an yarda cewa tumbi abu ne da kuɗi ke kawarwa ba tare da gumi ba. Wannan ƙarya ce, kuma tana cin lafiyar 'ya'yanmu. Sau da yawa irin wannan shayi filasko ne a cikinsa, maganin wankin ciki da kakanninmu suka sani, ba su kuma taɓa cewa yana narkar da kitse ba. Bel kuwa matse hanji da haƙarƙari kawai yake yi. A kwance shi, ciki ya koma inda yake.

Masu talla za su ce ai Turawa na da injin daskarar da kitse. Gaskiya ne, hukumar FDA ta Amurka ta amince da injin CoolSculpting a 2010. Amma abin da yake ragewa kusan kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari ne na kitsen ƙarƙashin fata, a daidai wurin da aka ɗora shi. Yana da haɗarinsa kuma: a 2021 shahararriyar mai tallan kayan ƙawa Linda Evangelista ta kai kamfanin da ke yin sa ƙara, domin maimakon kitsen ya ragu sai ya kumbura ya taurare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, kitsen da ke kai mutum asibitin koyarwa na Shika ba wanda ake mintsina da yatsa ba ne. Na can ciki ne, wanda ya lulluɓe hanta da hanji, mai jawo ciwon suga da hawan jini. Babu shayi ko bel ko injin da ke isa gare shi. Tafiyar ƙafa da rage lemon kwalba da sassauta malmalar tuwon dare ne ke taɓa shi.

Iyaye da angwaye, ku daina matsa wa 'yan mata su shafe ciki kafin ranar ɗaurin aure. Hukumar NAFDAC kuma ta shiga kasuwa ta duba abin da ke cikin ƙullin nan.