Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A Turai da Amurka akwai masu sayen tsofaffin injunan kafinta da na ƙira, su gyara, su ci gaba da aiki da su a gida. Mu kuwa, tun da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka fara durƙushewa bayan tsarin SAP na 1986, injuna da dama a sikelin 'yan gwangwan suka ƙare. Haka nan a ƙauye, idan maƙeri ya rasu ba mai gadon sana'a, akan sayar da uwar maƙera da masaba da awartaki a kilo.

A ganina, asarar ta wuce ta ƙarfe, domin kayan aiki da sunansa yake tafiya. Yaron da bai taɓa ganin zugazugi ba, yaya zai san asalin cewa wane ya zuga wane?

Saboda haka, ɗalibin da koyarwar gwaji ta kai Unguwar Hajji, ko wani ƙauyen Ƙaraye da Rogo, ya nemi maƙera da masassaƙa, ya rubuta sunan kowane kaya da aikinsa. Wanda ya samu, a adana a makaranta. Gidan Makama kaɗai ba zai ɗauke mana wannan nauyi ba.