Waiwaye: Daga Katsina aka fara kai mai karatu ƙasar aljannu

A shekarar 1933, Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Ba ƙaramin aiki ba ne, don malaman wancan zamani sun ɗauki alƙalami abin rubuta ilimi da wa'azi, tatsuniya kuwa sai a bar wa mata da yara da dare.

Littattafai biyar aka zaɓa aka buga. Biyu daga ciki a Katsina aka rubuta su, kuma wa da ƙane ne suka rubuta: Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, daga baya ya zama Walin Katsina, shi ya yi Ganɗoki, ƙanensa Abubakar Imam, malamin makarantar Midil mai shekara 22, ya yi Ruwan Bagaja. Dukansu ba su tsaya a duniyar da ido ke gani ba. Ganɗoki ya gama gwabzawa da Turawa ya faɗa cikin aljannu. Alhaji Imam, jarumin Ruwan Bagaja, kuwa ya bi duniya neman ruwan magani, yana tafe suna cutar juna da Malam Zurƙe.

Abin da ake mantawa shi ne hannun edita. East ya karanta, ya tace, ya zaɓi abin da za a buga, sannan ya ja Imam zuwa Zariya. A nan aka samu Magana Jari Ce, aka kuma samu editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da ba a karɓi wancan labari na farko ba, wa ya san inda baiwar Imam za ta ƙare?

A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a duniyar wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya kai yaron ƙauye sararin samaniya. Bayansa sai hanyar ta yi ciyawa, soyayya ta cinye kasuwa.

Marubuta dai ba su ƙare ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016, ta nuna haka, sai dai sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma don mata kaɗai aka kafa ta. Masu Turanci suna da Omenana, ƙaramar mujallar intanet da tun 2014 take karɓar gajerun labaran al'ajabi da na ƙagen kimiyya. Mu fa? Matashi ya rubuta labarin yadda Katsina za ta kasance nan da shekara ɗari, ya zuba a WhatsApp, babu mai ce masa gyara nan, cire can.

Malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Al-Qalam, ku haɗa kai ku buɗe mujalla, ko da ta shafi 20 ce duk wata uku, ku sa mata editan da zai iya mayar wa marubuci da labarinsa ya ce a sake.