Masu Shirin Dawowa Gida, Ku Shigo Da Guminku Ta Ƙofa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka tsakura mani fili in yi magana da 'yan'uwanmu da suka daɗe a ƙasashen waje suna neman halaliyarsu, waɗanda yanzu girma ya kama su suna shirin dawowa gida. Maganar ta shafi iyalansu da ke nan ma, don galibi su ne masu ba su shawara ta waya.

A ƙasar Daura da wuya ka zaga unguwa ba ka samu gidan da ke da mutum a waje ba. Wani yana Jidda ko Makka shekara ashirin ko talatin, wani Kumasi, wani Abijan, wani Gabon. Mafi yawansu ba su da fansho, abin da suka tara shi ne fanshonsu. A Saudiyya ma baƙo ba ya shiga tsarin fansho. Abin da doka ta ba mai aikin kamfani da takarda shi ne kuɗin sallama, rabin albashin wata kan kowace shekara a shekaru biyar na farko, daga nan albashin wata cur kan kowace shekarar da ta biyo baya. Wannan kuɗi da ɗan abin da ya ɓoye, da su mutum zai ci tuwo har ƙarshen ransa.

To tun da sabuwar dokar haraji, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, wata jita-jita ke yawo kasuwa-kasuwa, wai duk kuɗin da ya faɗa banki sai gwamnati ta yanki nata. Ina jin ta da kunnena a bakin teburina kusan kullum. Saboda haka sai ka ji ana ce wa mutum kada ya kuskura ya turo ta banki, ya ba wani mai tahowa a hannu, ko ya ɗinke cikin jaka. Wallahi wannan gurguwar shawara ce.

Ban ga laifin masu tsoro ba. Iyayenmu sun ga zamanin da ake bi gida-gida ana karɓar haraji, wanda bai biya ba a shanya shi a rana ƙofar dagaci, Bafulatani kuma ya tsere da shanunsa don jangali. Sai a 1979 marigayi Balarabe Musa ya soke su, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Shi ya sa har gobe talaka in ya ji kalmar haraji gabansa ke faɗuwa. Amma wancan harajin kai ne, ko kana da shi ko ba ka da shi. Na yanzu a kan samu yake.

Mu manoma mun san ba a fitar da zakka daga ƙasar gona, sai daga abin da gonar ta bayar. Haka wannan haraji yake. Kuɗin da ka tara da daɗewa ka kawo gida uwar kuɗi ce, ba sabon samu ba ne, haka nan abin da ka aiko wa iyali kyauta. Abin da ake lissafawa shi ne abin da kuɗin suka haifa bayan ka zauna: kuɗin haya, ribar ciniki, ribar sayar da kadara. A nan ma naira 800,000 na farko a shekara babu ko kwabo a kansu. Naira miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, a yi ta hawa har kashi 25, wanda sai samun da ya haura miliyan 50 yake shafa. Misali wanda ya gina shaguna yana karɓar hayar miliyan 2 a shekara, ba shi da wani samu, abin da ke kansa ba zai wuce naira 180,000 ba. Ba na ce kuɗi kaɗan ba ne, amma don Allah a kan wannan ne mutum zai ɗauki gumin shekara talatin ya damƙa wa wanda ko rasit ba zai ba shi ba? Zakkar kuɗi dai daban take, ita kam a kan ajiya take, ɗaya cikin arba'in in nisabi ya cika shekara ta zagayo, kuma biyan ɗaya ba ya ɗauke ɗaya.

Akwai kuma dokar da mutanenmu ba su sani ba sai sun faɗa. Duk wanda ya shigo Nijeriya da tsabar kuɗi fiye da dala 10,000, ko kwatankwacinsu a riyal ko sefa, dole ya bayyana wa kwastan, ko a filin jirgin Malam Aminu Kano ne ko a kan iyakar Kwangwalam. Bayyanawar ba haraji ba ce, takarda ce za ka cika. Wanda ya ɓoye aka kama shi, dokar 2022 ta ba da dama a ƙwace kuɗin, har da ɗauri. Ita dai wannan doka ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da miliyan 5 ba ta banki ba. Ka ga ke nan mai gudun banki ya guje wa harajin da ba a ɗora mashi ba, ya faɗa laifin da zai iya cinye uwar kuɗin ɗungurungum. Ban ma yi zancen halin da hanyoyinmu ke ciki ba.

Shawarata ita ce shiri ya fara tun mutum yana can. Ya yi lambar NIN, don ita ce ke zama lambar harajin mutum yanzu, ya yi BVN, wanda tun 2025 Babban Banki ya buɗe hanyar yin sa daga waje. Ya buɗe asusun dala da sunansa, ba da sunan ƙane ko ɗa ba. Takardar aiki, takardar kuɗin sallama, shaidar sayar da shago ko mota, duk ya adana su kamar yadda yake adana fasfo, don ranar da banki ko hukuma suka ce ina ka samo, su ne za su yi mashi magana. Ya kuma sani cewa da zarar ya yi kwana 183 a gida cikin wata goma sha biyu, ko ya zama nan ne mazauninsa da iyalinsa da harkokinsa, doka na ɗaukarsa mazaunin Nijeriya, samunsa na gida da na waje duk zai bayyana. In ya riga ya biya haraji a can, ya riƙe rasit don kada a karɓa sau biyu. Masu dawowa daga Ingila kuwa, akwai yarjejeniya kan haka tsakanin ƙasashen biyu, sai dai su sani fanshon gwamnatin can ba a yi mashi ƙarin shekara-shekara ga wanda ya zauna Nijeriya, yadda ka taho da shi haka zai tsaya.

Kada kuma a ce sai an ga dama. Mutanenmu na Gana ba su shirya ba da Busiya ya kori baƙi a 1969, na Libiya ba su shirya ba a 2011, na Sudan haka a Afrilun 2023. Da yawa da kayan jikinsu kawai suka iso.

Ni a ganina abin da ya fi haraji cin kuɗin mai dawowa shi ne ya canza su gaba ɗaya ranar da ya sauka. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin 2024 ta yi nisa ta haura 1,500. Wanda ya canza duka a wancan lokaci, ko bai taɓa ko sisi ba, fiye da rabin ƙarfin kuɗinsa ya tafi. Wane haraji ne ya kai wannan? Mai ajiya ƙarƙashin katifa shi ma ya tuna canjin kuɗi na 1984 da wahalar da aka sha a farkon 2023. A banki kuma kada a zuba su wuri ɗaya, don hukumar NDIC naira miliyan 5 take lamunce wa mai ajiya a kowane babban banki in ya durƙushe, kuma mun ga an rufe bankin Heritage a 2024. Mai ƙyamar kuɗin ruwa ga irin su Jaiz nan.

Sai batun fili. Tun da aka kawo jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya ta tarayya, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ya biyo ta Daura, fuloti ya yi tsada, dillalai sun yi yawa. Akwai wani dattijo a nan kusa da mu da ya yi shekaru yana aike ana saya mashi filaye, da ya dawo babu takarda ko ɗaya da sunansa, yanzu shi da 'ya'yan ɗan'uwansa ko gaisawa ba su yi. Takardar ciniki ba don rigimar dangi kaɗai take ba. Ranar da za ka sayar, a kan riba ake lissafin haraji, wato abin da ka sayar a cire abin da ka saya. In ba ka da shaidar nawa ka saya, da me za ka yi gardama?

A ƙarshe ina kira ga hukumar tara haraji ta Jihar Katsina da ta samu fili a gidan rediyon jiha, ta yi bayanin wannan doka da Hausa, a bar mutane su bugo waya su yi tambaya. Ita ma hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta tuna ba na Amurka da Ingila kaɗai ne 'yan ƙasa ba, a fassara takardun nan da Hausa a kai su ofishin jakadancinmu na Jidda da Akara da Abijan, inda namu suka fi yawa.



Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Unguwar Kusugu, Daura,
Jihar Katsina.