Ba Hausa Ce Ta Kayar Da 'Ya'yanmu Ba

Tun ranar da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya miƙe a Abuja cikin watan Nuwamban 2025 ya sanar da cewa an soke koyar da yara da harshen uwa, daga yanzu Turanci ne zalla tun daga rabin aji har jami'a, nake ta baza kunne in ji masu ilimin ƙasar Kazaure sun ce uffan. Shiru kake ji. Da ma shirun ne kaɗai, da da sauƙi. Tafi na ji. A majalisun bakin titin Kano zuwa Daura, a sakatariya, a wajen ɗaurin aure, maganar guda ce: gara da aka yi haka, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a ɗura wa yaro kalmomin Turanci tun bai iya ɗaura wando ba, Hausa ai ya iya ta tun daga gida. Wannan ra'ayi shi ya daɗe yana cin ilimin yankinmu, yanzu kuma an buga masa hatimin gwamnati.

Hujjar minista ita ce wai yankunan da suka rungumi harshen gida su ne ke zubewa a WAEC da NECO da JAMB. Kowa ya san yankin da ake nufi. To, a yi lissafi. A ƙarshen Nuwamban 2022, zamanin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, aka amince a koyar da yaro da harshensa har shekara shida na firamare. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya wajejen 2013. Ta ina tsarin da aka sa wa hannu yana babbar sakandare ya kayar da shi? In kuma tsohon tsarin 1977 ake nufi, mai cewa shekarun farko da harshen gari, to wannan a takarda ya rayu, a takarda ya tsufa. In ban da 'yan shirye-shiryen masu tallafi na ƙasashen waje da kan zo su wuce, yaushe aka wadata firamaren Roni ko ta Gwiwa da littafin lissafi da na kimiyya cikin Hausa? Abin da ke faruwa a aji sananne ne. Littafi da Turanci, allo da Turanci, jarrabawar ƙarshen zango da Turanci, sai malam ya ga idon yara ya yi fari ya saki layi ya yi musu bayani da Hausa. Wannan 'yar Hausar da malam ke tsarmawa ita kaɗai ce abin da yaro ke komawa gida da shi. Ita aka kama da laifi. An bar jaki ana dukan taiki.

A sakamakon farko na JAMB ta 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, kuma hukumar da bakinta ta amsa cewa na'urorinta sun tafka kuskure a Legas da kudu maso gabas. A shekarar ce yara suka rubuta Turancin WAEC da dare, wasu da fitilar waya. Hausa ce ta yi wannan?

Amma ni ba da minista kaɗai nake ba. Da mu nake, da abin da muke kira koyon Turanci. Shiga kowace makarantar kuɗi da aka buɗe a shago biyu da soro, za ka tarar da takardar nan mai hotuna a bango. A na tuffa, I na ɗakin ƙanƙarar mutanen can ƙarshen duniya, X na wani abin kiɗa da malamar ma ba ta taɓa gani ba, Y na jirgin ruwan shaƙatawar attajirai. Yaro ɗan Gwiwa, wanda ya san bambancin gero da maiwa tun suna tsiro, ya san sunan kowace bishiya daga gida zuwa gona, ya iya ƙirga awakin gidansu ya gane wadda ba ta dawo ba, shi ake tsayarwa yana rera sunan jirgin shaƙatawa da ƙarfin murya. Gobe sassan jiki, jibi ranakun mako, gata launuka, citta jihohi da manyan biranensu. A ƙarshen shekara a ɗinka masa riga da hula irin ta masu digiri, a karɓi kuɗin hoto, ya hau dandamali ya zubo haddar, uwa tana hawaye, uba yana ɗauka da waya. Ka tsayar da yaron nan a bakin ƙofa ka tambaye shi da Turanci me ya sa bai zo jiya ba, sai ya ce maka “fine, thank you.” Karatun aku ke nan, kuma kuɗi ake biya a saye shi. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ga manomi ya sayar da buhun riɗinsa don wannan.

Waɗanda suka ƙare rayuwarsu kan yadda baƙo ke koyon Turanci sun daɗe da wuce nan. Tun 1930 wani Bature, C. K. Ogden, ya tace kalmomi 850 ya ce da su ana iya biyan buƙatar yau da kullum. Michael West, wanda ya yi shekaru yana aikin ilimi a Dakka ta ƙasar Bengal, tsakanin yaran da su ma ba Turanci ake yi a gidajensu ba, ya fitar da jerinsa na kalmomi kusan 2,000 a 1953. Darasin da ya ɗauko daga can shi ne, kalma ba ta zama a kan yaro sai ya yi ta cin karo da ita cikin labari, sabuwa ɗaya tsakanin tsofaffi da yawa. Daga baya Paul Nation na ƙasar New Zealand da abokan aikinsa suka nuna cewa mai karatu yana buƙatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin shafi kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin hamsin. Yanzu ɗauki littafin kimiyyar aji biyu ka miƙa wa yarinya a Babura, wadda a shafin gaba ɗaya kalma biyar ta sani. Me kake so ta yi da shi in ba ta kwafa ta haddace ba?

Ga kuma abin da masu takardar bango ba sa so su ji. Kalmomin da suka fi yawo a Turanci ba masu hoto ba ne. Irin su “if” ne, da “because”, da “than”, da “each”, da “left”. A kansu tambayar lissafi ke tsayawa. Yaro ya iya ɗebewa sarai, an aike shi kasuwar Kazaure ya dawo da canji daidai, amma ya faɗi a takarda don bai san ana tambayarsa nawa ya rage ba. Waɗannan kalmomi ba a zana su, ba a nuna su da yatsa. Bayani suke so, bayani kuwa sai da harshen da mutum yake ji. Kalmomi 2,000 a shekara shida bai kai goma a mako ba. Aikin darasi ɗaya ne a rana, a hannun malamin da ya iya, ga yaron da ya riga ya san yadda harafi ke haɗuwa da harafi ya ba da magana. Wannan sanin kuwa da Hausa ya fi saurin samuwa, don ita yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, ba kamar Turanci ba da harafi ɗaya ke da fuska uku. In yaro ya karya karatu da Hausa, haruffan nan dai su zai tarar a Turanci, rabin aikin ya ƙare.

Abin takaici, mu ne ya kamata mu koya wa Abuja wannan. A zaurukanmu da wane harshe ake karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala? Almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa, har ranar da zai tsaya da ƙafarsa. A ƙasar da ake karatu haka aka sami Shehu Abubakar Gumi, wanda ya rubuta tafsiri da Larabci, aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987. Ba wanda ya ce sai an hana almajiri Hausa zai iya Larabci. A bokon ma haka. Elementare ta zamanin da da Hausa take koyarwa, Turanci sai an yi gaba. Ita ta fitar da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta Shaihu Umar da Hausa, ya kuma yi Turancin da Turawa suka yi shiru suna saurare. Ita ta fitar da Malam Aminu Kano da Ɗanmasanin Kano Maitama Sule. A kudu kuma, daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin a Ile-Ife, aka koyar da yara komai da Yarabanci shekara shida, Turanci yana darasi guda, suka fi takwarorinsu, har a Turancin ba a bar su a baya ba. Ita kanta British Council, wadda a taronta minista ya yi wannan sanarwa, ta fitar da matsayinta tun 2017 cewa a ƙasashe irin namu ba ta goyon bayan a mai da Turanci harshen koyarwa a farkon firamare. Masu harshen sun ce a bi a hankali, mu muna cewa a ɗura.

Za a ce Nijeriya tana da harsuna fiye da 500. Wannan ciwon kan Legas ne da Fatakwal, su nemi maganinsa. A Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura, ajin Hausa yake ji, har ɗan Fulanin da ya fito daga ruga. Za a ce jarrabawa da Turanci ake yi. Wa ya ce kada a koyi Turanci? Za a ce Turawan mulki da gangan suka tsare mu a Hausa don kada mu waye. Abin da suka hana mu yawan makarantu ne, wannan tsohuwar magana kuma ta gaji da zama mafakar masu jin kunyar harshensu.

Don gaskiyar maganar ke nan, kunya ce. Ita ce ta sa aka yi shekaru ana cin tarar yara, ana zane su, ana sa su tsallen kwaɗo don sun yi Hausa a harabar makaranta, aka mai da su kurame a aji, ba Hausar ba Turancin. Ita ce ke sa a tambayi wanda ya karanta Hausa a Jami'ar Bayero me zai yi da takardarsa, alhali da ita BBC da gidajen rediyon Jamus da Faransa da Sin ke neman kunnenmu. Ita ce ke sa ɗan siyasa ya nemi ƙuri'a da Hausa a ƙauye, in ya shiga majalisa ya koma yana tuntuɓe da Turancin da aka rubuta masa. Tsarin mulkin 1979 ya ce za a gudanar da Majalisar Tarayya da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci in an kammala shiri, na 1999 ya maimaita a sashe na 55, har yau shirin ake yi. Maƙwabtanmu na Nijar, da ba su da nisa da Babura, a 2025 suka ayyana Hausa harshen ƙasa. A shekarar mu muka kore ta daga aji ɗaya. Kuma waɗanda suka fi ɗaga murya wajen goyon baya, 'ya'yansu ba sa zama a ƙasa a firamaren gwamnati. Suna da talabijin, da littattafai a gida, da malamin lesin. Ɗan talaka a Roni ba ya jin Turanci ko'ina sai a bakin malaminsa.

Malamin kuma fa? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar aji huɗu, ta ce 21,780 ba su ci ba. Ba na goyon bayan yadda aka wulaƙanta su, amma wa zai rantse cewa namu sun sha bamban? Tsarin da ya lalace ne ya yaye su. Mutumin da shi kansa yake fama da Turanci, ga yara sun fi ƙarfin benci, ga albashin da ba ya kai wata, shi aka ce ya koyar da lissafi da kimiyya da Turanci zalla. Ba zai yi ba, don ba zai yiwu ba. Zai ci gaba da bayani da Hausa, sai dai yanzu a ɓoye, in mai duba makarantu ya shigo a koma rera hadda. Littattafan Hausa kuma da aka fara samu, irin na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da na RANA a Katsina da Zamfara, ba mai sake ware kuɗin buga su.

Ƙaramar Ministar Ilimi, Farfesa Suwaiba Sa'id Ahmad, 'yar Jigawa ce, ta shugabanci Kwalejin Ilimi ta Gumel, ta san irin malaman da ake yayewa da irin azuzuwan da ake tura su. Ita ya fi cancanta ta faɗa wa abokin aikinta gaskiya. Gwamna Umar Namadi da hukumar SUBEB kuma su tuna cewa firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi take. Jigawa tana iya cewa a nan yaro zai fara karya karatu da Hausa, Turanci darasi ne kullum tun daga aji ɗaya, da jerin kalmomin da aka tace, da 'yan littattafan labari masu hawa-hawa, da malami guda a kowace makaranta da aka horar don wannan kaɗai. In ba haka ba, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 da Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure za su cika da ɗalibai, amma 'ya'yan wasu, namu suna bakin ƙofa suna sayar musu da ruwan leda.

Duk uban da yake ganin na yi zafi, yau da dare ya ɗauko littafin ɗansa na aji uku, ya rufe hoton da tafin hannu, ya ce yaron ya karanta layi ɗaya ya gaya masa abin da layin yake nufi.