Digiri na biyu kan kasuwancin duniya: A fara daga buhun citta

Sunan Zangon Kataf shaida ne cewa fatauci ba baƙo ba ne a Kudancin Kaduna, domin zango wuri ne da ayarin fatake ke yada kaya. Kafanchan kuwa ta bunƙasa ne a matsayin mahaɗar layin dogo tun zamanin Turawa. Abin mamaki shi ne, yankin da ya fi ko'ina noma citta a Najeriya, wadda ke sahun gaba a duniya wajen samar da ita, har yau ba shi da ta cewa a kan farashinta.

Manomin Kachia ko Jaba ko Zonkwa yana tsaga cittarsa, ya shanya, ya sayar wa dillali a kasuwar ƙauye. Daga nan labari ya ƙare a wajensa. Kwangila da mai saye a Indiya ko Dubai ko Turai, lamunin banki, inshorar kaya, takardun kwastan, gwajin inganci da lissafin canjin kuɗi, duk suna hannun wasu a Legas ko ƙetare. A nan ribar take, kuma waɗannan su ne darussan da ake koyarwa a digiri na biyu kan tafiyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa.

Shekaru da dama, matasan da ke neman wannan ilimi Ingila suke dosa. Yanzu hanyar ta ƙuntata. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ninka kuɗin makaranta, sannan daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin masu digiri na biyu tafiya da iyalansu. Wanda ya samu ya tafi ma, sau da yawa misalan manyan kamfanonin Amurka da Turai yake nazarta, ya dawo bai san yadda ake fitar da kwantena ɗaya daga Kaduna ba.

Rashin wannan sani yana da tsada. A 2015 Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari. A 2023 kuma cutar da ta auka wa citta ta lalata gonaki a faɗin Kudancin Kaduna, iri ya yi tsada, masu saye suka karkata ga wasu ƙasashe. Masanin noma zai nemo maganin cutar, amma dawo da abokin ciniki da ya juya baya aikin masanin kasuwa ne.

Tubalan ginin suna ƙasa. Jami'ar Jihar Kaduna, da aka kafa a 2004, tana da reshe a Kafanchan inda ake koyar da aikin gona. Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabuwar jami'a a Kachia a 2025. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana horar da masana kasuwanci. Akwai tashar sauke kaya ta kan tudu a Kaduna tun 2018, ga kuma yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka da ta fara aiki a Janairun 2021.

Don haka wannan jarida na kira ga Jami'ar Jihar Kaduna ta tsara digiri na biyu kan kasuwancin ƙetare a reshenta na Kafanchan, tare da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Ƙasa da masu fitar da kaya na haƙiƙa. A sanya darussa a ƙarshen mako domin ma'aikata da shugabannin ƙungiyoyin manoma su samu shiga. A maimakon kundin bincike da zai sha ƙura a kan kanta, ɗalibi ya raka kaya daga gona zuwa tashar jirgin ruwa, ya kare lissafinsa a gaban malamai da 'yan kasuwa.

Gwamnatin jiha ta ware gurabun tallafi ga 'ya'yan manoma, maza da mata, ba tare da duba ƙabila ko addini ba. Yankin da ya ɗanɗana ɗacin rikici ya fi kowa sanin darajar ciniki da ke haɗa mai noma da mai saye.

Sai dai a yi hattara. Digirin da babu ƙwararrun malamai, babu alaƙa da kasuwa, takarda ce kawai, kuma ƙasar nan ta tara irinta da yawa. Ma'aunin nasarar shirin ɗaya ne: nawa ya ƙaru a hannun manomin da ya tsaga cittar.