'Yan Cika Gari: A Bar Mai Shago Da Rashin Wayonsa

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, mu leƙa wasannin intanet irin su World of Warcraft da RuneScape, inda dubban mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa a duniya guda. A garuruwan cikin wasan, mazauna iri biyu ne: akwai waɗanda ɗan Adam ke juyawa daga ɗakinsa, akwai kuma waɗanda kwamfuta ke juyawa, su mai shago, mai gadin ƙofar gari, maƙeri da dodannin daji. Ni 'yan cika gari nake kiransu. Ƙorafin da aka fi yi a kansu shi ne rashin wayo: ka je wurin mai shago sau ɗari, gaisuwa ɗaya zai yi maka, ko da jiya kai ka ceci garin daga dodo. Ni kuwa a ganina wannan ba abin kunya ba ne, kuma ba na fatan a magance shi gaba ɗaya.

Mu fara da dalili. Duk motsin da ake yi a wasan, babbar kwamfutar kamfani ce ke lissafa shi. A RuneScape, duk bayan kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa ake sabunta duniyar, kuma cikin wannan ɗan lokacin dole a gama lissafin tafiyar kowa da faɗan kowa da cinikin kowa. Idan aka bar kowane mai gadi ya tsaya dogon tunani, mutumin da ke wasan ne zai danna ya zauna jira. A wani wasan mai suna EVE Online, idan jama'a suka yi yawa a fagen yaƙi, rage gudun lokaci ake yi har ya koma kashi 10 cikin 100, don kada kwamfutar ta durƙushe. To tukunyar da ba ta ishi masu gida ba, yaya za ta ciyar da baƙi?

Ba wai ba a taɓa gwadawa ba. Masu Ultima Online, wanda ya fito a 1997, sun tsara daji mai rai: barewa ta ci ciyawa, kerkeci ya ci barewa, dodo in ya rasa abinci ya nufo gari. Raph Koster, ɗaya daga cikin masu tsara wasan, ya bayyana cewa duba kewaye da neman hanya da kowace dabba ke yi ya yi wa kwamfuta nauyi. Shi kuwa Richard Garriott cewa ya yi 'yan wasa ne suka dinga karkashe dabbobin kafin a ga amfanin tsarin. Ƙarshenta cire shi aka yi.

Sai kuma abin da ya faru a World of Warcraft a 2005, lokacin da wata cuta da aka tsara don fagen faɗa guda ta ɓulla cikin birane. 'Yan cika gari sun kamu, ba su mutu ba, ba su gudu ba, suna tsaye suna yaɗa ta. Mutane fa? Wasu suka tsere daji, wasu suka tsaya jinyar waɗanda ba su sani ba, wasu kuma da gangan suka dinga shafa wa jama'a. A 2007 har masana annoba sai da suka yi rubutu a kai, kuma halin mutanen ne ya ja hankalinsu, ba na mai shago ba.

Na san za a ce yanzu zamani ya canza, tunda kwamfuta na iya hira. Gaskiya ne. A 2023 masu bincike daga jami'ar Stanford da Google sun gina wani ƙaramin gari mai mazauna 25 waɗanda ke tuna abin da ya wuce, har suka gayyaci juna walima. Amma kwana biyu kacal na rayuwar garin ya ci dubban daloli. Farashi ya sauka daga baya, sai dai har gobe kowace jimla da kuɗinta, kuma a ƙarshe aljihun ɗan wasa za a waiwaya.

Mu masu karanta littafi mun san sirrin. Direba ko 'yar aiki a cikin labari ba sa bukatar babi goma. Magana ɗaya mai daɗi ta isa mu riƙe su a rai. Abin da mai shagon wasa ke bukata ke nan, marubuci nagari, ba ƙarin injina ba.

Tsorona ɗaya ne. Rashin wayon 'yan cika gari shi ke tilasta maka ka juya ka tambayi ɗan'uwanka hanya, ku yi ciniki, ku ɓata, ku shirya. Ranar da mai shago ya zama abokin hira wanda ba ya fushi, ba ya gajiya, wa zai ƙara haƙuri da mutum mai fushi da gajiya? Sai a wayi gari an taru dubbai a wuri guda, kowa na hira da inji.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Ku huta lafiya.